Tambaya da Amsa: Fita Shaƙatawa Bakin Ruwa a Ƙasar Sakkwato

Tun da sanyi ya fara saukowa, yawancin wasiƙun da suke iso wa wannan fili sun karkata ga magana guda, wato fita bakin ruwa da iyali ko da abokai domin a huta. Na zaɓi shida daga cikinsu, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba, kuma kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen waɗanda suka aiko.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni magidanci ne a Runjin Sambo, ina da 'ya'ya huɗu. Suna ganin yadda mutanen wasu ƙasashe suke fita da iyalansu wuraren shaƙatawa, su kama kifi, su shiga jirgin ruwa, sun kuma matsa mini in kai su a wannan hutu. Shin muna da irin waɗannan wurare kusa da Sakkwato, kuma wane lokaci ya fi dacewa? Wani aminina ya ce mini wannan ɗabi'ar Turawa ce kawai, ɓarnar kuɗi ce.

AMSA: Alhaji, ina amsawa, Allah ya raya mana zuriya. Muna da ruwan, amma ba mu da irin wurin da yaranka suke gani a waya, kuma ya kamata ka san bambancin kafin ka tayar da mota. Wuraren da ake nunawa a waɗancan hotuna gandaye ne da hukuma ta keɓe domin baƙi, an yi musu ƙofa, an zuba ma'aikata, an kafa alama a inda ruwa yake da zurfi, har akwai mutumin da ba shi da wani aiki sai ceto wanda ruwa ya nemi ci. Ruwayenmu kuwa wuraren neman abinci ne. Tafkin da za ka je kallo, a nan wani yake su, wani yake ban-ruwan albasarsa, wani yake shayar da shanunsa, wata kuma take wanki. Duk wanda ya je can baƙon waɗannan mutane ne, kuma jin daɗinsa da lafiyar iyalinsa sun dogara ga yadda ya shiga hannunsu.

Birnin Sakkwato a kan tudu yake, kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu, saboda haka ba sai ka yi nisa ba. Mafi sauƙi shi ne ka bi hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ka tsaya wajen Kwalkwalawa, inda yara za su ga gulbi da fadama da masu fito duk a waje ɗaya, ku kuma dawo gida kafin azahar. Wanda ya fi wannan shi ne Tafkin Kware, kimanin kilomita 20 a kan hanyar Illela, kuma shi nake ba ka shawarar ka fara da shi. Akwai madatsar Shagari ta kudu, akwai kuma ta Lugu kusa da Wurno, garin da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837, sai dai tafiya wajen gabas tana bukatar bincike a kan lafiyar hanya, kamar yadda zan yi bayani a amsa ta gaba.

Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin Agusta da Satumba gulbi ya cika ya batse, yana gudu da ƙarfi, gaɓarsa tana zabtarewa, ba wurin yara ba ne ko kaɗan. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yakan haura digiri 40, yaro ba zai ji daɗin komai ba, kuma yana iya galabaita kafin ka ankara. A cikin hunturu ruwa ya kwanta, sauro ya ragu, fadama ta yi kore shar da albasa da tafarnuwa da shinkafar rani, tsuntsaye kuma sun taru.

Bara a watan Disamba na isa Kware jim kaɗan bayan fitowar rana. Hazo ya kwanta a kan ruwan har ba a ganin ɗaya gaɓar, sai kukan kirinjijiya kawai ake ji daga cikinsa. Can sai ga wani masunci ya ɓullo, ya kifa cikinsa a kan wata ƙatuwar gora, yana tuƙa ta da hannuwa da ƙafafu, yana bin tarun da ya kafa tun daren jiya, duk kifin da ya cire sai ya jefa shi ta bakin gorar ya ci gaba. Wani zalɓe yana tsaye a cikin bado bai ko motsa ba. Ƙaramin ɗana, wanda a gida ba ya iya zama minti biyar ba waya a hannunsa, ya tsuguna a nan kusan sa'a guda yana kallo, kuma har yau yana iya bambanta tarwaɗa da kurungu. Abin da ya sa muka samu wannan shi ne, kafin mu sauka bakin ruwa mun tambayi inda Sarkin Ruwa yake, muka je muka gaishe shi, muka faɗi abin da ya kawo mu. Shi ya haɗa mu da wani saurayi da ya nuna mana inda za mu shimfiɗa tabarma, inda ƙasa take da laka mai riƙe ƙafa, da inda aka kafa taru don kada yara su jefa dutse. Da ɗan gari akan ci gari. Da za mu tafi muka sayi kifi a hannunsu ba tare da mun matse su a ciniki ba, muka sallami saurayin, muka kwashe ledojinmu da robobinmu muka zuba a mota.

Game da maganar amininka, ina ganin ya duba tanti da kujerar naɗewa ne, bai duba asalin abin ba. Iyayenmu sun yi kilisa, sun je kallon su, sun kai mu fadama shan rake, kuma Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba halittar Ubangiji. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na mai da abincin da za a dafo daga gida ba.

TAMBAYA: Malam, mu ɗalibai ne mu takwas, mun haɗa kuɗi mun sayi tanti biyu. Muna son mu je madatsar ruwa ta Goronyo mu kwana biyu a bakin ruwa bayan jarrabawa. Me ya kamata mu tanada?

AMSA: 'Ya'yana, na fahimci sha'awarku, ni ma na yi ta a shekarunku, amma ba zan ba ku jerin kayan tafiya ba, domin shawarata ita ce kada ku yi wannan kwana. Kun san halin da gabashin jihar nan yake ciki shekaru da dama, daga Isa da Sabon Birni har zuwa sassan Goronyo da Rabah da Wurno, inda mutanen da aka haifa a wurin ma suke barin ƙauyukansu su kwana a cikin gari. Samari takwas baƙi da wayoyi da hasken wuta a fili cikin dare, kowa zai hango su daga nesa, kuma ko jami'an tsaro suka fara ganinsu ba lallai ba ne su ɗauke su a matsayin masu yawon buɗe ido. Arewa maso yamma ma, wajen Tangaza da Gudu da Binji, haka abin yake, shi ya sa ko kufan Surame, tsohon birnin Kanta na Kabi, ba na tura kowa yanzu sai ya tabbatar da hanya daga bakin mutanen wurin a ranar da zai tafi.

Madatsar kanta abar gani ce. An kammala ta a 1984 a kan Gulbin Rima, tsawon bangonta ya kai kilomita 12, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma da ruwan da take saki Sakkwato take sha da rani. Tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, don haka idan kuna son ganinta, ku sa sashenku na makaranta ya rubuta wa hukumar takarda, ku je da rana tare da malami, ku juyo kafin la'asar. Ku kuma riƙe wani abu da baƙi da yawa ba su sani ba: a ƙasan madatsa ruwa yana iya tasowa ba tare da an yi ko yayyafi ba, da zarar an buɗe ƙofofi. Yashin da ya yi kyau da shimfiɗa da yamma yana iya zama tsakiyar gulbi kafin asuba. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumba 2010, wadda ta cinye gadar hanyar jami'a, sun san ƙarfin Rima idan ya tashi.

Ku adana tantinku. Idan kwanan daji kuke so da gaske, ku tara kuɗi ku je Yankari a jihar Bauci, inda akwai masauki da ma'aikatan gandu masu rakiya, da maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumi wadda zafinta yake tsaye a kan digiri 31 dare da rana. Gandun Tafkin Kainji ya fi kusa da mu, amma an sha samun rahoton 'yan bindiga sun yi sansani a cikinsa, don haka ba na sa shi a lissafi a halin yanzu.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce a Mabera. Ina son in kai 'yan ajina talatin bakin gulbi su ga abin da muke karantawa a littafi, kuma suna roƙon a sa su a kwalekwale. Gabana yana faɗuwa. Yaya zan yi?

AMSA: Malama, faɗuwar gaban nan taki ita ce ta sa na amince ki kai su, domin wanda ba ya tsoron ruwa bai kamata a ba shi amanar 'ya'yan mutane ba. Muna da dalilin tsoro. A watan Afrilu na 2022 mutane 29, mafi yawansu yara da matasa, suka rasu a ƙaramar hukumar Shagari lokacin da jirginsu ya kife suna hanyar ɗebo itace. A watan Mayu na 2021 kuma jirgin da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a jihar Kabi, waɗanda suka tsira 'yan kaɗan ne. Idan aka bi irin waɗannan haɗura ɗaya bayan ɗaya, dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi mai yoyo, tafiyar dare, iska mai tasowa ba zato, kututturen itace da ruwa ya rufe, sannan rashin rigar kariya, wadda da ita ko wanda bai iya iyo ba zai yi ta yawo a saman ruwa har a zo a ɗauke shi.

Ni kaina na taɓa shiga jirgin fito a wata ranar kasuwa, aka yi ta ƙara mutane da buhuna har da babur, har bakin jirgin ya kusa shafar ruwa, wani yaro kuma yana zaune a tsakiya yana kwarfe ruwan da yake shigowa da ƙwarya ba hutawa. Na ga haka tun muna gaɓa, amma kunya ta hana ni sauka, don kada a ce na cika tsoro. Allah ya tsallakar da mu, sai dai tun daga ranar na yi alkawarin ba zan sake barin kunya ta zaunar da ni a cikin irin wannan jirgi ba.

Saboda haka ki fara da neman izinin iyaye a rubuce, ki kuma je wurin da kanki kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ki gana da Sarkin Ruwa ko shugaban masu fito, ki roƙe shi ya zaɓa miki dattijon matuƙi da jirgi mai lafiya wanda za ki ɗauka shata, ba wanda zai haɗa yaranki da fasinjojin kasuwa ba. Idan ba ki samu rigunan kariya daidai jikin yara ba, to a tsaya a gaɓa a yi kallo, wannan ma darasi ne cikakke. Rigar babba ba ta da amfani ga yaro, domin da ya faɗa ruwa za ta zame ta kansa. Idan an samu, a shiga kaɗan-kaɗan, biyar ko shida tare da babba guda, kowa ya zauna a ƙasan jirgi, ba mai miƙewa don ɗaukar hoto, ba mai leƙawa ya taɓa ruwa, a yi kusa da gaɓa, a kuma gama kafin rana ta take. Ki ƙirga su kafin shiga, ki ƙirga su bayan fita. Ki tanadi doguwar gora da igiya da jarka biyu marasa komai a ciki, a rufe bakinsu tam. Idan wani ya faɗa, a miƙa masa gora ko a jefa masa jarka, kada wanda ba gwani ba ya yi tsalle ya bi shi, domin wanda ruwa yake ci yakan ƙanƙame mai cetonsa su tafi tare.

Akwai haɗari na biyu wanda ba ya ihu, wato tsargiya. Wata tsutsa ce take kawo ta. Mai ciwon yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayenta su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan katantanwa da suke maƙale a ciyawar gaɓa, daga nan su fito su huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa, ko da bai sha ruwan ba. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A da a ƙauyukanmu har akan ɗauki wannan jini alamar yaro ya fara zama namiji, alhali ciwo ne da yake rage jini, yake dakushe karatu, kuma idan ya daɗe yakan lalata mafitsara da ƙoda. Ruwan da yake kwance mai bado da kainuwa ya fi haɗari. Kada ki bar su su yi wanka ko wasa a ciki, kuma duk wanda aka ga alamar a jikinsa daga baya a kai shi asibiti, akwai maganin da ake kira praziquantel wanda ake bayarwa gwargwadon nauyin yaro ko tsawonsa.

TAMBAYA: Malam, na yi ritaya bara bayan shekara 35 ina aikin gwamnati, zaman gida ya ishe ni. Ina sha'awar in koyi kamun kifi da ƙugiya don nishaɗi. Shin sai na nemi izini? Kuma ina son in je Argungu in gwada a can.

AMSA: Ranka ya daɗe, Allah ya sa hutun ya zama mai albarka. Ka zaɓi abin da ya dace da mai shekaru, domin fatsa ba ta bukatar ƙarfi, haƙuri take bukata. Kayan ba su da tsada: sanda mai lanƙwasa, zaren roba, ƙananan ƙugiyoyi, ɗan dalma da zai ja zaren ƙasa, da guntun totuwa da zai yi yawo a sama ya nuna maka lokacin da kifi ya taɓa. Tana ita ce abin da aka fi saƙalawa, sai fara da gara. Da sassafe da kuma bayan la'asar kifi ya fi ci. A cikin tsananin sanyi yakan yi nauyin baki, saboda haka kada ka karaya idan ka yini ba ka samu ba a watan Janairu.

Abin da za ka fi kamawa a ruwayenmu shi ne karfasa da tarwaɗa da kurungu, wani lokaci kawara. Ka yi hankali da kurungu, yana da ƙaya uku masu kafewa, ɗaya a baya biyu a gefe, kuma sukarsu tana da raɗaɗi ƙwarai, sai ka sa a nuna maka yadda ake riƙe shi kafin ka kai hannu. Minjirya kuwa, mai santsin jiki da ɗige-ɗige, tana da wutar da take girgiza mutum har kafaɗa. Waɗannan abubuwa ba a koyonsu a takarda. Ka nemi wani dattijo cikin masunta ka zauna kusa da shi kwana biyu ko uku, ka riƙa kai masa goro, za ka sha mamakin abin da ya sani game da launin ruwa da motsinsa.

Maganar izini kuwa, mai sanda ɗaya da yake neman na miya ba a cika tsananta masa ba, amma kusan kowane tafki da kowane gurbi yana da mai kula da shi, kuma akwai wuraren da ake hana su na wani lokaci domin kifi ya hayayyafa. Ka tambayi Sarkin Ruwa kafin ka jefa ƙugiya, idan kuma a madatsa ne ka tambayi ma'aikatanta. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki. Wannan ya shafi masu zuba gamalin, wato maganin ƙwari, a ruwa, waɗanda suke kashe babba da ƙarami a dare ɗaya su kuma sayar wa mutane kifi mai guba. Ina ƙara da masu jan gidan sauro a maimakon taru, domin ba ya barin ko ɗan ƙaramin kifi. Kai ma idan ka kamo ƙarami, ka cire ƙugiyar a hankali ka mayar da shi.

Argungu tana da nisan kimanin kilomita 100 daga Sakkwato, kuma ta cancanci zuwa, amma ba za ka jefa ƙugiya a Matan Fada ba, wato ruwan da ake yin bikin kamun kifi a cikinsa, domin ana tsare wannan ruwa duk shekara sai ranar biki, shi ya sa ake samun manyan kifaye a cikinsa. Bikin a siffarsa ta yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka kuma shirya su domin karrama shi. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun da duniya take alfahari da su. Masunta dubbai suke rugawa cikin ruwa a lokaci guda, kowa da homa da gora, a yi kamar sa'a guda ana fafatawa, kuma a bikin 2020 giwan ruwan da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Idan ka je, kada ka tsaya ga ranar su kaɗai, ka kalli kabanci, inda ake tseren jirage da nutso da kamun agwagwa da hannu, ka kuma shiga gidan tarihi na Kanta.

TAMBAYA: Malam, idan muka fita irin wannan yawo, za mu yi kasaru?

AMSA: Ɗan'uwa, a mazhabar Malikiyya ana yin kasaru ne a halattacciyar tafiya da ta kai mil 48 zuwa kawai, wato kusan kilomita 80. Mai zuwa Kware ko Kwalkwalawa zai cika sallarsa, mai zuwa Argungu kuwa ya kai nisan. Don cikakken bayani a kan halin da kake ciki sai ka tuntuɓi malaminka, ka kuma tafi da ruwan alwala daga gida saboda abin da na faɗa game da tsargiya.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibar sakandare ce a Arkilla. Ina ganin mutane suna yawo a bakin teku suna tsintar ɓawon katantanwa masu kyau da ruwa ya turo. Ban taɓa ganin teku ba. Shin akwai inda zan yi irin wannan a ƙasarmu?

AMSA: 'Yata, tambayarki ta fi duk sauran faranta mini rai. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853 a kudu, kuma idan Allah ya kai ki Legas, wurare irin su Badagiri suna da yashi mai faɗi inda za ki yi tsintuwa. Teku yakan ciko ya janye sau biyu a kowane dare da yini, kuma lokacin da ya janye ne ake samun abin da ya bari. Ki tsaya a kan yashi, kada ki shiga, domin igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ja mai ƙarfi, tana fizge ƙafar mutum ta yi ciki da shi. Kafin nan ma, ki tambayi kakarki ko tana da wuri, wato kuɗin da, a cikin tsofaffin kayanta. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin daular Sakkwato ɓawon wata halittar teku ne, kuma da yawa daga cikinsa daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya aka riƙa kawo shi.

Amma ga abin da ban tsammanin an gaya miki ba: ƙasar da kike takawa a Arkilla ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya rufe sassan Mali da Nijar har ya iso nan. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, tarin ɓawon halittun wannan teku ne da suka taru suka daskare. A cikin duwatsun Dange da Wurno da Gilbadi an samu haƙoran kifaye da ƙasusuwan kunkuru da na kada. An kuma tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku a yankin Goronyo, wanda aka fara bayaninsa a 1930, daga baya a 1972 wasu masana 'yan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, sai wani dangin kada mai dogon baki da aka sa wa Sokotosuchus a 1975. Sunayen garuruwanmu ne a cikin littattafan kimiyya na duniya, alhali yawancinmu ba mu taɓa ji ba.

A kan teburina akwai wani ɗan dutse da na tsinta a gangaren wani tudu kusa da Dange bayan ruwan farko ya wanke ƙasa. Bai fi girman goro ba, launinsa fari-fari, amma idan kika juya shi za ki ga murɗaɗɗen jikin katantanwa sarai, da layukansa ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya aka fitar da shi daga ruwa. Irin wannan tsintuwa za ki iya yin ta ba tare da kin bar jihar nan ba. Ki nemi malaminku na labarin ƙasa ya shirya muku fita, ko ki tafi da yayanki da rana, ku sa takalma masu rufe ƙafa, kada ku cusa hannu ƙarƙashin dutse saboda kunama da gobe-da-nisa, kada kuma ku shiga ramin haƙar dutse na masana'anta ba da izini ba. Ƙaramin ɓawo da kika samu a sako-sako kina iya ɗauka. Idan kuwa kika ga ƙashi babba a maƙale cikin dutse, kada ki fasa don ki ciro shi, ki ɗauki hotonsa, ki rubuta sunan ƙauyen da ya fi kusa, ki sanar da sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ni ma ki aiko mini da hoton duk abin da kika tsinta, zan buga shi a wannan fili.